Yadda Na Ƙera Wa Motar Mahaifina Salansa A Tsakar Gida



Lokacin da Sakataren ƙungiya ya aiko mini da takarda cewa ni ne zan yi jawabi a taron bana, ya rubuta a ƙasa cewa in zaɓi abin da na fi sani. Na tabbata abin da yake zato shi ne zan yi magana a kan aikin gwamnati, ko ƙarin girma, ko yadda ake bin fayil daga wannan tebur zuwa wancan. Da na gaya masa cewa a kan salansar mota zan yi magana, sai ya yi shiru a waya har na ɗauka layin ne ya katse. Ga shi ma yanzu ina hango 'yan ajinmu suna dariya, domin sun san ni ne wanda aka taɓa ba zarto a darasin Intro Tech ya riƙe shi a juye. To, ku gama dariyarku, amma ina roƙon ku saurare ni, domin abin da ya kai ni ga wannan aiki ya kusa zama abin kuka a gidana.

Motar da nake hawa Peugeot 504 ce, wato Fijo, irin wadda aka riƙa haɗawa a Kakuri cikin Kaduna tun daga shekarar 1975, aka kuma ci gaba da yin ta a nan ƙasar shekaru da yawa bayan an daina yin ta a Faransa. Ta mahaifina ce, Allah ya jiƙansa. Wasu daga cikin malamanmu za su tuna da ita, domin a cikinta aka kawo ni makarantar nan da akwatina da bokitina. Da aka zo rabon gado 'yan'uwana suka ce in riƙe ta, tun da ni kaɗai ne ba na jin kunyar shigarta. Abokan aikina kullum sai sun ce in sayar in huta. Ni kuwa na san albashina, na kuma san yadda kuɗin komai ya koma tun da aka janye tallafin mai a watan Mayu na 2023, saboda haka na riƙe abata.

A watan Disamba na wannan shekarar ta 2023 muka tashi daga Kaduna za mu Zariya gaishe da Hajiya, ni da maiɗakina da 'ya'yanmu biyu. Sanyi ake yi da ƙura, muka rufe gilasai ruf. Kafin mu kai Jaji ƙaramar 'yata, wadda ke zaune a baya, ta ce kanta yana ciwo. Muka ce yunwa ce. Can an jima ta yi amai, yayanta kuma ya ɓingire da barci irin wanda ban saba gani ba, ni kaina na ji kaina ya yi nauyi. Da muka tsaya muka fito da su waje, ba a jima ba suka fara dawowa daidai. Duk da haka muna shiga gari muka wuce asibiti. Likitan da ya duba su ya tambaye ni ko mun kwana da janareta a kusa da ɗaki. Na ce a'a. Ya ce to wace irin mota muka shigo? Da na gaya masa, sai ya ce, "Malam, je ka duba salansarka kafin ka sake sa yaran nan a ciki."

Abin da ya faru shi ne wannan. Duk injin da ke ƙona fetur yana fitar da wata iska mai guba da ake kira kabon monoksayid. Malamin Kemistiri ya koya mana ita a nan makarantar, muka haddace muka rubuta a jarrabawa muka manta. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari. Idan ta shiga huhu, jini ya fi son ta a kan iskar oksijin fiye da sau 200, saboda haka sai ta kama wurin da oksijin ya kamata ta hau, mutum ya yi ta numfashi alhali jikinsa yana shaƙewa. Alamunta ciwon kai, jiri, tashin zuciya da barci, wato dai abubuwan da mu a nan muke ɗora wa zazzaɓin cizon sauro ko gajiyar hanya. Ita ce take kashe iyali guda a dare ɗaya idan an kunna janareta a cikin gida. Motocin zamani suna da wata tukunya a jikin salansa da ke ƙone yawancin wannan guba kafin ta fita, amma tsohuwar mota mai kafireta irin tawa ba ta da ita.

Da na sa aka hau da motar kan rami na shiga ƙarƙashi, sai na ga abin da ya tsinka mini zuciya. Bututun ya sha faci har ba a gane asalinsa, kamar wandon almajiri. Ga huda biyu daidai ƙarƙashin kujerar baya. Mafi muni kuma, wani mai gyara da na taɓa kai wa a bakin hanya, da ya ga wutsiyar bututun ta ruɓe, sai ya yanke ta kawai ya bar ta gajeriya, ta ƙare a ƙarƙashin but maimakon ta wuce bamba. Robar murfin but ɗin kuwa ta daɗe da mutuwa. Idan mota tana gudu, iskar da ke bayanta takan yi juyi ta dawo, sai ta kwaso hayaƙin ta tura shi ta duk wata kafa da ta samu. Ban zargi mai gyaran shi kaɗai ba. Ni na tsaya a kansa ina cewa ya yi sauri, ni na yi cinikin kuɗin har ya koma rabi, kuma a wancan lokaci abin da ya dame ni kawai shi ne motar ta daina ƙara.

Za ku ce me ya hana in sayi wata in sa? Na zagaya. Na ga tsofaffi da aka ciro daga motocin da suka mutu, waɗanda ba su fi tawa lafiya ba, na kuma ga sababbi masu sheƙi waɗanda in ka danna da babban yatsa sai ka ji ƙarfen yana lotsawa. Araha ba ta ado. Ban da haka akwai abubuwa uku da nake so waɗanda ba a sayar da su a haɗe: ƙarfe mai kauri, bututu da zai ɗan ƙara matsawa sama saboda hanyar ƙauyenmu, da kuma salansa mai gaɓa-gaɓa da ake kwancewa da sifana, yadda in wuri ɗaya ya lalace ba sai an yanka duka ba. A gaskiya akwai dalili na huɗu, wato haushin kaina da nake ji. Na yi digiri, ina sa hannu a takardun da suka shafi jama'a, amma ban san abin da ke ƙarƙashin kujerar da 'ya'yana ke zama ba.

Na fara da zuwa Panteka. Duk wanda ya zauna Kaduna ya san wurin, ya kuma san babu abin ƙarfe da ba a iya ƙerawa a can. Na sami wani dattijo mai walda na yi masa bayani. Ya dube ni, ya dubi takalmina, ya ce, "Yallaɓai, kawo motar mana a yi maka, yini ɗaya ne." Na ce, "Baba, so nake in koya." Ya yi dariya har ya ajiye abin da ke hannunsa, sa'an nan ya ce in zo ranar Asabar da tsofaffin kaya. Asabar shida na yi ina zuwa. Ya hana ni taɓa bututu sai da na cika wani falankin ƙarfe da layin walda, in yi ya buge ɓawon da guduma ya duba ya ce, "Kashin kaji ne, sake." Ban taɓa jin kunya irin ta ranar da yaronsa ɗan shekara kamar goma sha uku ya karɓi abin a hannuna ya ja layi ɗaya sumul ya miƙo mini ba.

Kafin in ci gaba bari in ɗan faɗi abin da salansa take yi, domin sai da na gane wannan sa'an nan na san abin da zan saya. Injin motata silinda huɗu gare shi, kowace kuma tana yin wuta sau ɗaya a cikin juyi biyu na inji. Idan injin yana juyi 3,000 a minti, an sami fashewa 6,000 ke nan a minti, wato 100 a kowace daƙiƙa, kuma bayan kowace fashewa bawul yana buɗewa ya watso hayaƙi mai tsananin zafi da ƙarfi. Wannan bugun da ke bin juna shi ne ƙarar da kunne ke ji. Aikin tukunyar salansa shi ne ta karya ƙarfin bugun. Wata tana da ɗakuna a ciki da bango-bango, hayaƙi ya shiga nan ya juya ya fita can, amon ya yi ta karo da kansa har ya raunana. Wata kuma bututu ne miƙaƙƙe mai ƙananan huda da yawa, an kewaye shi da audugar gilashi wadda ke shanye amon. Ta biyun ta fi barin hayaƙi ya wuce, amma ta fi ƙara. Na zaɓi mai ɗakuna, domin ni magidanci ne, kuma ina da maƙwabta.

Samari da yawa, har da ƙannena, sun ɗauka in aka sa ƙaton bututu mota za ta ƙara gudu. Ba haka abin yake ba. Hayaƙin da ke tafiya da sauri a cikin bututu yana barin wani ɗan zuƙo a bayansa wanda ke taimakawa wajen janyo na bayansa daga cikin silinda. In bututu ya yi faɗi da yawa sai hayaƙin ya yi sanyin tafiya, zuƙon ya ragu, mota ta rasa ƙarfin tashi, sai ruri kamar tirela ba gaba ba baya. In kuma ya matse da yawa inji ya shaƙe. Injina bai cika lita 2 ba, saboda haka na tsaya kusa da awon da masu motar suka sa tun asali: bututu mai faɗin milimita 45, kaurin jikinsa wajen milimita 1.5.

A nan ne na kusa yin babban kuskure na farko. Na ga bututun famfo mai farin rufi, mai kauri, ba ya tsatsa, na ce ai ga abin da nake nema. Baba mai walda ya ce kul. Shi dalilinsa nauyi ne, da kuma cewa hayaƙinsa yana sa zazzaɓi. Da na koma gida na bincika sai na ga gaskiyarsa. Farin rufin nan tutiya ce, tana tafasa a digiri 907, alhali ƙarfe ba ya narkewa sai wajen digiri 1,500. Kafin ƙarfen ya narke tutiyar ta riga ta zama farin hayaƙi, wanda ya shaƙe shi da yawa da dare sai zazzaɓi da rawar sanyi da ciwon gaɓoɓi. Masu walda da yawa sun yi imani cewa gwangwanin madara yana wanke wannan. Ni dai na gaya wa Baba cewa madara ciki take zuwa, hayaƙi kuwa huhu yake zuwa, ba sa haɗuwa a hanya. Ya ce shekara arba'in yana sha. Muka bar maganar a nan, kowa da ra'ayinsa, amma na sayi baƙin bututu.

Na sayi ƙaramin injin walda irin na zamani marar nauyi, wanda ake rataya a kafaɗa, da injin yanka da goge ƙarfe, da garkuwar fuska mai baƙin gilashi, da safar hannu ta fata. Tukunyar salansa ban ƙera ta da kaina ba, kada in yi muku ƙarya. Na sami mai kauri na saya. Abin da na yi shi ne bututun duka daga inda ya rabu da na inji har wutsiya, da mahaɗai, da maratayai. Maiɗakina da ta ga ana sauke kaya a tsakar gida ta ce, "Maigida, yanzu kuma maƙera muka koma?" Sharaɗinta ɗaya ne, kada yara su fito in ina aiki, kuma ta fi ni gaskiya.

Matsalar walda a jikin bututun salansa ita ce ƙarfen siriri ne. Wanda ya saba da ƙofa ko taga, in ya zo nan da wutar da ya saba, nan take zai ɓula rami. Na yi amfani da siririyar sandar walda mai lamba 6013, mai kaurin milimita 2, na rage wuta zuwa tsakanin amfiya 40 da 60. Ba a jan dogon layi. Ɗigawa ake yi: ka ɗiga nan, ka juya bututun ka ɗiga a kishiyar wurin, har wuri huɗu, don kada zafi ya janye shi ya karkace. Sa'an nan ka riƙa cike tsakani kaɗan-kaɗan, kana tsayawa jan ya dushe, kana buge ɓawon kana gogewa da burushin ƙarfe kafin ka ɗora wani. In ka ɗora a kan ɓawo, daga waje za ka ga kamar ya kama, amma a ciki akwai ƙofar da hayaƙi zai bi. Kuma bakin bututun biyu su haɗu ƙam tun kafin a kawo wuta. Rabin aikin walda a wurin yanka da gogewa yake. In ka bar giɓi kana cewa walda za ta cike, za ka wuni kana toshe rami kana buɗe wani. Wutar lantarkin unguwarmu ma ta ba ni nata darasin, domin da yamma takan yi rauni har sandar ta riƙa manne wa ƙarfe, sai na koma yin aikin da sassafe ranakun Asabar da Lahadi.

Lanƙwasa bututu ita ce ta fi ba ni wuya, kuma a nan ne lissafin da muka koya ya biya ni. Ba ni da injin lanƙwasa, in kuwa ka tanƙwara bututu haka kawai sai ya ƙulle a gwiwar ya toshe hanya. Akwai masu cika shi da yashi su gasa da wuta su lanƙwasa, amma sai yashin ya bushe ƙayau, in da danshi tururi zai iya fasa shi a fuskar mutum, saboda haka na ji tsoro. Dabarar da na bi ita ce: ka yanka bututu a ɗan karkace, digiri 7 da rabi, sa'an nan ka juya ɓangare ɗaya rabin zagaye ka sake haɗa bakin. Zai hau daidai, amma yanzu bututun ya karya kwana ta digiri 15. Ka yi haka sau uku kusa da juna ka sami digiri 45. Na zana wannan a kwali na naɗa a jikin bututun ina bi da alli. Da na kai wa Baba gwiwar farko ya jujjuya ta, ya ce shi da ido yake yi, amma tawa ma ba laifi. Malamin Lissafi, wanda nake gani a layin gaba, na san ka sha cewa ba za mu amfana da kai ba sai mun girma. Ga shi na zo in amsa laifina a gaban jama'a.

Yanzu ga abin da nake so kowa ya riƙe, ko da ba zai taɓa kama sandar walda ba. Ban yarda na shiga ƙarƙashin mota tana kan jak kaɗai ba, kuma ban tokare ta da bulo ba, domin bulon siminti ba ya gargaɗi, rugujewa yake yi lokaci ɗaya. Na sa an ƙera mini matokarai huɗu na ƙarfe, na kuma sa gungumen katako a ƙarƙashi don ko-ta-kwana. Na cire kan batir. Tankin mai yana can baya kusa da inda salansa ke wucewa, ga tiyon mai ga na birki, saboda haka na yanke wa kaina doka cewa ba za a kunna walda a ƙarƙashin motar ba ko sau ɗaya. Sai in ɗaga bututun in ɗaure da waya a inda nake so, in ja layi da alli a kan mahaɗin, in fito da shi can gefe in ɗiga, in koma in gwada. Wata gaɓar sai da na shiga na fita sau goma sha wani abu. Bokitin yashi da na ruwa kuwa suna kusa da ni kullum.

Duk da wannan tsantseni sai da na ji jiki. Wata ranar Lahadi ina ta ɗige-ɗige, na ga ɗaga garkuwa da saukewa yana ɓata mini lokaci, sai na riƙa kau da kai ina runtse ido, yadda na ga yaran kasuwa suna yi. Ban ji komai ba har na kwanta. Wajen ƙarfe biyu na dare na farka kamar an zuba mini yashi a ido, hawaye na zuba, ko hasken tocila ba na iya kallo. Hasken walda yana ɗauke da wani haske da ido ba ya gani wanda ke ƙona fatar ƙwayar ido, kuma ciwon ba ya tashi sai bayan sa'o'i. Kwana biyu ban je ofis ba. Abokan aikina suka zo dubiya suka tarar da ni da tsumma a fuska, suka tafi da labarin da har yau ba a daina ba ni ba. Baƙin tabarau na rana ba ya tare wannan haske. In kun ga yaro yana walda da shi a bakin titi, ku tsaya ku gaya masa, ko da zai ɗauke ku masu shisshigi.

Rataya salansa ma ilmi ne. Da farko na yi niyyar in ɗaure ta tamau a jikin mota da ƙarfe don kada ta motsa. Sai na tuna da darasin Fiziks na buɗewar ƙarfe in ya ji zafi, na ɗauki biro. Bututu mai tsawon mita 3, in zafinsa ya ƙaru da digiri 300, zai ƙara tsawo da wajen santimita 1. Ga shi kuma inji kansa a kan roba yake zaune, yana girgiza yana karkata duk lokacin da aka ba shi wuta. In ka ɗaure bututun ƙam, wani wuri dole ya ba da kai, kuma yawanci bakin walda ne ko wuyan da ke kusa da inji zai tsage. Shi ya sa ake rataye ta da robobi, tana lilo kaɗan. Na bar tazarar yatsu biyu tsakaninta da jikin mota ko'ina, na ƙara fiye da haka a kusa da tiyon mai da na birki, na kuma sa falankin ƙarfe tsakaninta da tanki. Wutsiyar na fito da ita ta wuce bamba, na ɗan sunkuyar da bakinta ƙasa. Na sayi sabuwar robar murfin but, na toshe duk wata huda da ke daɓen motar.

Na ƙara wani ɗan abu da na karanta. Salansa daga ciki take ruɓewa, ba daga waje ba. Duk litar fetur da aka ƙona tana haifar da ruwa kusan lita guda a matsayin tururi. A doguwar tafiya zafi yana kore shi, amma irina da ke tafiya daga gida zuwa ofis ya kashe mota, bututun bai gama zafi ba, sai ruwan ya kwanta a cikin tukunya ya yi ta cin ƙarfe. Saboda haka na huda 'yar ƙaramar ƙofa ta milimita 3 a can ƙasan tukunyar baya, a ƙarshenta, don ruwan ya riƙa ɗiga.

Ranar gwaji na dama sabulu da ruwa na shafe kowane mahaɗi, na sa ƙanena ya tayar da mota a fili, ya ɗan toshe bakin wutsiyar da tsumma na 'yan daƙiƙu. Wuri uku suka yi kumfa. Na kwance, na goge, na sake. Karo na biyu wuri ɗaya. Karo na uku shiru. Motar ta koma yin wani sanyin sauti da rabona da jin sa tun ina yaro, har Hajiya da ta ji ta a ƙofar gida daga baya ta ce ta ɗauka Alhaji ne ya dawo. Wannan magana ta tsaya mini a rai kwana da kwanaki.

Amma ban tsira ba tukuna. Tafiyar farko da muka yi mu biyar da buhun masara a but, duk ramin da muka faɗa sai in ji ƙwal a baya. Ashe na yi awona ne lokacin da motar ke ɗage, ƙafafun baya suna reto. Da aka sauke ta aka yi mata lodi, ƙarfen ƙafafun ya hau sama ya riƙa dukan bututun. Sai da na yanke gwiwa guda na sake ta. Da na ba Baba labari ya ce ya san haka za ta faru tun ranar da na nuna masa zanena. Na ce, "To Baba, me ya sa ba ka faɗa mini ba?" Ya ce in ya faɗa zan manta, amma yanzu ba zan manta ba.

Wani zai tambaya ko na rage kuɗi. Ban rage ba. In aka haɗa injin walda da sauran kayan aiki da bututun da na lalata da maganin ido, na kashe abin da ya isa a yi mini aikin fiye da sau ɗaya a kasuwa, aikin da Baba ya ce na yini ɗaya ne kuma ya ci mini wata uku. Ba kuma ina cewa kowa ya je ya sayi injin walda ba ne. Wanda ba shi da fili a gida, ko haƙuri, ko wanda zai koya masa, ya kai wa masu sana'a, amma ya shiga ramin da kansa ya duba, ya tabbata wutsiyar ta wuce jikin mota, kuma kada ya matsa wa mai gyara da ciniki har ya sa shi yin aikin da zai cuce shi. In kuma yaro ya ce kansa na ciwo a cikin mota, a tsaya a fito da shi tukuna kafin a fara neman dalili.

Injin waldan yana nan, na riga na gyara ƙofar gida da gadon yara da shi. Na gaya wa Shugaban makaranta cewa in malamin da ke kula da ɗakin koyon sana'a yana so, zan kawo shi duk Asabar ɗin ƙarshen wata tare da garkuwar fuska biyu, Baba kuma ya yarda zai biyo ni in za a biya masa kuɗin mota. Motar kuwa tana waje ƙarƙashin dalbejiyar da ke kusa da ofishin malamai. Wanda yake so ya leƙa bayan an tashi, na zo da tabarma. Mahaɗi na biyu daga gaba shi ne na fara yi, don haka kada a yi mini dariya a kansa. A dubi na baya.